Haƙoran shak a Sakkwato, ƙashin wel a hamadar Masar: me ake tsinta, me ake ɓatarwa

Duk wanda ka ce wa Goronyo, abun da zai fara zuwa ransa dam ne, ko albasa da shinkafa, ko kuma a 'yan shekarun nan matsalar tsaro, Allah ya kawo mana sauƙi. Amma akwai mutane a Turai da Amurka da ba su taɓa taka Najeriya ba kuma sun san sunan Goronyo sarai, ta dalilin wata dabbar teku da ake kira Goronyosaurus. Eh dabbar teku fa, a Goronyo, inda in ka tashi neman teku sai ka shafe wajen kilomita 1,000 a mota kafin ka ga Legas. Tun 1930 wani Bature mai suna Swinton ya yi bayanin ƙasusuwanta da aka tono a lardin Sakkwato, daga baya wasu Italiyawa ƙarƙashin Augusto Azzaroli suka zo suka samu ƙoƙon kanta, a 1972 suka raɗa mata sunan garin. Wani irin ƙaton ƙadangaren ruwa ne, kamar a ce tsari ko damo ya koma teku ƙafafunsa suka zama filafilai.

Bayanin masana ilimin duwatsu shi ne, tsakanin shekara miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce ruwan teku ya riƙa shigowa cikin Afirka ta Yamma, ya shigo ya ja da baya, ya sake shigowa ya sake ja, ya ratso ta Aljeriya da Mali ya malalo yankin Tawa a Nijar har ya kai Sakkwato. Ba teku ne mai zurfin a zo a gani ba, ana kiyasin kamar mita 50, ruwa mai ɗumi cike da kifaye da kadoji da kunkuru da macizan ruwa. Shi ya sa in ka buɗe littafin ilimin duwatsun Najeriya zaka ga shimfiɗun dutse da sunayen garuruwanmu, Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina. Farar ƙasar nan da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da ita, asalinta ɓawon ƙananan halittun wannan tekun ne da suka taru suka daskare. Kenan mai gini a Sakkwato da gindin teku yake ɗaure bulo, bai dai sani ba.

Na san wani zai ce wa ya ƙirga miliyoyin nan. Lissafin masana ne nake kawowa yadda suke faɗinsa, kuma suna da hanyoyin awonsu. Amma maganar cewa busasshiyar ƙasa ta taɓa zama teku ba Turawa suka fara ta ba, Al-Biruni tun ƙarni na 11 ya rubuta cewa hamadar Larabawa teku ce a da, hujjarsa kuwa ita ce katantanwa da makamantansu da masu haƙa rijiya ke tararwa a cikin dutse.

To a cikin waɗannan duwatsun abun da aka fi samu ba ƙasusuwan manyan dabbobi ba ne, haƙoran shak ne, wato kifin tekun nan mai cin nama, da na danginsa. A 1934 Errol White na gidan tarihin Landan ya yi rubutu guda a kan burbushin kifayen lardin Sakkwato, a 1972 Henri Cappetta ɗan Faransa ya yi irinsa a kan na Nijar, musamman na dutsen Igdaman a yankin Tawa. Kuma haka abun yake a duk duniya, haƙorin shak na daga cikin burbushin da aka fi tsinta. Dalili biyu ne. Na farko shak ba shi da ƙashi irin namu, jikinsa guringuntsi ne, irin na kunne da karan hanci, in ya mutu ruɓewa yake yi, galibi haƙoran ne masu taurin da za su jure. Na biyu kuma shi ba sau ɗaya yake famfara ba kamar ɗan Adam. Haƙoransa layi-layi suke a jere a cikin dasashi, na gaba ya faɗi na baya ya matso, haka har ya mutu, shak ɗaya zai iya zubar da haƙori dubun-dubata a rayuwarsa. Yanzu ka haɗa wannan da yawan shak ɗin da suka rayu cikin miliyoyin shekaru. Kaga ashe haƙori ɗaya ba yana nufin dabba ɗaya ta mutu a wajen ba, wataƙila yana cin abinci ne ya fita. Ka riƙe wannan don shi ne ya raba su da ƙashin wel, ƙatuwar dabbar tekun nan mai siffar kifi, da zan zo kansa.

In haƙorin ya faɗa cikin laka ta rufe shi da wuri, ma'adanan da ke cikin ruwan ƙasa sai su riƙa shiga ƙananan ƙofofinsa a hankali har ya yi nauyi ya canza launi. Shi ya sa zaka ga baƙi wuluk, ko ruwan toka, ko ruwan ƙasa, ko ja-ja. Sababbin shiga harkar suna ɗauka wanda ya fi baƙi ya fi tsufa, ba haka ba ne, launin na ƙasar da ya kwanta a ciki ne kawai. Sannan akwai alaƙa mai ƙarfi tsakanin haƙoran nan da fosfet, wato dutsen da ake sarrafawa a yi takin zamani. Inda teku ya kasance mai yawan abinci da yawan kifi, ƙashi da haƙori da kashin kifi suna taruwa a ƙasa, su ne wani ɓangare na fosfet ɗin. Duk inda ka ji ana haƙar irin wannan fosfet na teku, Maroko ne ko Togo ko Kudu maso Gabashin Amurka, to akwai haƙoran shak. Ko a shimfiɗar Dange akwai 'yan dunƙulen fosfet ɗin.

Wani abun dariya shi ne Turawa sun daɗe ba su san mene ne su ba. A tsibirin Malta ana tsintar manya-manya, suna kiransu duwatsun harshe, wasu su ce harsunan macizai ne da suka zama dutse, wasu su ce daga sama suke faɗowa, masu kuɗi har tsoma su suke yi cikin abin sha wai suna karya guba. Ya tuna min da namu gatarin aradu, wanda ake cewa tsawa ce ke jefo shi alhali gatarin dutse ne da mutanen da suka sassaƙa da hannunsu. A 1666 masunta suka kama wani ƙaton shak kusa da Livorno a Italiya aka aika kansa wa wani likita ɗan Denmak, Nicolas Steno, ya feɗe ya duba haƙoran ya ga ai su ne duwatsun harshen nan sak. Amma bai tsaya nan ba, ya tambayi kansa yaya aka yi haƙori ya shiga cikin dutse, amsar da ya kai gare ta ita ce dutsen a da laka ce, kuma laka hawa-hawa take kwanciya, ta ƙasa ta riga ta sama. Wannan 'yar maganar da yaro ma zai gane, a kanta aka gina ilimin sanin shekarun duwatsu. Kuma ita ce zuciyar rigimar da ke tsakanin masu tsinta da masu bincike har yau, domin haƙori in an cire shi daga hawansa ba a rubuta ba, rabin labarinsa ya tafi.

Kasuwar yanzu, uwarta Maroko ce. Ƙasar na da kusan kashi 70 cikin 100 na fosfet ɗin da aka sani a duniya, kuma tun 1921 ake haƙa a yankin Khouribga. Mutanen ƙauyukan wajen, kamar na kewayen Oued Zem, suna bin tarin ƙasar da aka ture suna tsince haƙora, wasu kuma su haƙa nasu ramukan, iyalai da yawa da wannan suke ci suke sha. Ƙananan haƙoran a buhu ake sayar da su ko a kilo kamar gyaɗa. Duk ɗan haƙorin shak mai ruwan ƙasa da ka gani an ɗaure shi da waya an yi abin wuya a shagon tsaraba a Turai, mafi yawa daga can ya fito. Wanda ya fi farin jini shi ne na Otodus obliquus, mai faɗi da tsini uku, babba a tsakiya da 'yan ƙanana biyu a gefe, yana iya kai santimita 10.

Inda kuɗi ya shiga kuwa dole algus ya shiga. Abun da aka fi yi shi ne a samu kan haƙori mai kyau da ya rasa saiwa, a samu saiwar wani daban, a haɗa da gam a shafe wajen da yashi. Wanda ya fi wannan shahara shi ne muƙamuƙin ƙadangaren ruwa irin dangin na Goronyo, haƙoran na gaske ne amma muƙamuƙin kansa an gina shi ne da gutsattsarin ƙashi da filasta, aka dasa haƙoran reras aka kwantar cikin yashi da gam kamar haka aka tono shi. Masu harkar suna ganewa da ɗan ɗigon ruwa ko sinadarin goge farce, ko fitila mai shuɗin hasken nan irin ta duba jabun kuɗi, gam ɗin yana haskawa daban. Ni ban cika ganin laifin ɗan ƙauyen da ke haɗawa ba, mai saye ne ke son abu cikakke fes a farashin banza, to an ba shi abun da ya nema. Inda abun ke zama matsala shi ne lokacin da irin wannan haɗe-haɗen ya kai hannun mai bincike ya ɗauka sabuwar halitta ce.

Shi Otodus ɗin nan kakan megalodon ne, wani ƙaton shak da ya riga ya ƙare a duniya, kuma in ka jera haƙoran zuriyar daga tsoho zuwa sabo zaka ga abu mai ban sha'awa, 'yan tsinin gefen suna ƙanƙancewa har su ɓace, bakin haƙorin yana samun zarto-zarto, faɗinsa na ƙaruwa. Wato daga haƙorin cafke kifi mai santsi ya koma wuƙar yankan nama, kuma wannan canjin ya zo daidai da lokacin da dabbobi masu shayarwa suka fara cika teku. Megalodon ya rayu daga wajen shekara miliyan 20 zuwa miliyan 3.6 da suka wuce, haƙorinsa mafi girma ya ɗan haura inci 7, kamar santimita 18, ya fi tafin hannun babban mutum. Tsawon jikinsa kiyasi ne daga haƙora da 'yan ƙashin baya, an daɗe ana cewa mita 15 zuwa 20, wani lissafin na 2025 ya kai shi har 24. A kasuwa da inci ake magana, ana aunawa daga tsini zuwa ƙarshen saiwa ta gefen da ya fi tsawo, kuma farashin ba a hankali yake hawa ba, tsalle yake yi. Mai inci 3 ko 4 kowa zai iya saye, da ya kai inci 6 ya shiga wani aji, shi ya sa ake samun masu ƙara wa saiwa ɗan tsawo da filasta don ta tsallake layin. A 'yan shekarun nan na Jawa ta Yamma a Indunusiya sun cika kasuwa, launinsu gwanin kyau, amma saiwarsu sau da yawa gyararriya ce.

A Amurka kuwa abun ya zama kamar fita yawon shan iska na iyali. A garin Venice na jihar Fulorida mutane na shiga bakin ruwa da rariya mai dogon mariƙi suna tankaɗe yashi. A Aurora ta Karolina ta Arewa akwai ɗan gidan tarihi da ake zube masa ƙasar mahaƙar fosfet a fili yara su yi ta tono. A gaɓar Calvert ta jihar Meriland bangon ƙasa ne ke zaizayewa yana zubo haƙora, a can ne ranar Kirsimeti ta 2022 wata yarinya 'yar shekara 9 ta tsinci na megalodon mai inci 5 labarin ya zaga duniya. Sai kuma 'yan ganin ƙwaƙwaf masu nutso cikin kogunan Karolina ta Kudu da Jojiya, ruwa baƙi ƙirin ko hannunka ba ka gani, ga igiyar ruwa ga kadoji, da lalube suke nema, kuma an sha rasa rayuka a haka.

Yanzu mu zo kan ƙashin wel, wanda muke ce wa kifi alhali ba kifi ba ne, haihuwa yake yi yana shayarwa yana shaƙar iska kamar saniya. Masu tsintar haƙora suna haɗuwa da shi a wuri ɗaya, mafi yawa ƙashin baya guda-guda, ko gutsuren haƙarƙari, ko wani dunƙulallen ƙashin kunne mai nauyi kamar dutse da ke kama da kunnen mutum a naɗe. Wani lokacin har da sawun haƙorin megalodon a jikin ƙashin, irin wannan masu tarawa na rububinsa. Amma lissafinsa daban ne gaba ɗaya. Wel ɗaya ƙoƙon kai ɗaya gare shi, ba ya zubarwa ya sake wani, kuma kafin gawa ta nutse ƙasa ta rufe ta ba tare da shak sun wawashe ta ba sai an yi sa'a sosai. Haƙoran shak miliyan nawa ne a duniya, amma akwai nau'in wel ɗin da duk abun da aka sani game da shi daga ƙashi ɗaya tak aka san shi.

A wajen masana, asalin wel dabbar tudu ce mai ƙafa huɗu, kuma danginsa mafi kusa a cikin masu rai yau dorina ce. Wanda ake kira Pakicetus, da aka bayyana a 1981 daga Pakistan, mai shekara wajen miliyan 50, in ka gan shi zaka ce wani irin kare ne mai dogon baki, ƙashin kunnen nan mai kauri ne ya tona asirinsa, don irinsa alama ce ta wel da danginsa na kusa. A 2001 aka samu ƙashin idon sawun wasu daga cikinsu, ya fito irin na akuya da raƙumi da dorina. To a nan ne amsar wata tambaya take, me ya sa Sakkwato ta yi suna da shak da kada da kunkuru amma ba da wel ba? Saboda lokaci ne ya saɓa. Sanda wel ya fara shiga ruwa a can yankin Pakistan da Indiya, tekunmu na arewa ya riga ya tattara nasa ya nasa. Sai dai a kudu, inda teku ya daɗe. A Ameki, can ƙasar Ibo, lokacin aikin layin dogo na Fatakwal aka samu muƙamuƙin wani tsohon wel, Charles Andrews ya bayyana shi wajen 1920 ya sa masa suna Pappocetus lugardi. Eh Gwamna Luggan da ka sani dai, har a sunan wel sai da ya bi mu. A Togo ma, a mahaƙar fosfet ta Kpogamé, an samu wani aka kira shi Togocetus a 2014.

Wajen da ya fi ko'ina a wannan fannin yana Masar, Wadi al-Hitan, kwarin kifayen wel kenan da Larabci, a yankin Fayyum kamar kilomita 150 kudu maso yamma da Alƙahira. Ƙwarangwal ɗaruruwa ne kwance cikin rairayi, masu shekara miliyan 37 zuwa 40, UNESCO ta sa wajen cikin wuraren gadon duniya a 2005. Akwai Basilosaurus mai tsawon mita 15 zuwa 18 siriri kamar maciji, da ƙaramin ɗan uwansa Dorudon mai mita 5, da tsofaffin dangin ayu, eh ayun nan namu na Binuwai da Kwara da ake neman mansa. A nan ne a 1989 Philip Gingerich da abokan aikinsa suka samu ƙafafun bayan Basilosaurus, 'yan mitsi-mitsi har da gwiwa da yatsu, ba su kai tsawon hannun mutum ba a jikin dabba mai tsawon tirela. Ka yi tunani da wani ya riga su zuwa ya kwashe ƙashin bayan ya sayar ɗaya-ɗaya, 'yan ƙasusuwan ƙafar nan ko kallonsu ba zai yi ba. Kuma don an samu wani ƙwarangwal a kwance yadda yake ne aka ga ƙasusuwan 'ya'yan Dorudon a daidai cikinsa, aka tabbatar cinye su yake yi.

Akwai wani labari da nake so. An fasa dutse a wata mahaƙa a Masar aka kai Italiya don a yi daɓen ado, ana yanka shi fale-fale sai masu aikin suka ga zanen ƙashi a kowane falle. Ashe ƙoƙon kan wel ne injin ya yanka kamar burodi. Aka kira masana suka harhaɗa shi, a 2011 aka sa masa suna Aegyptocetus, kuma a haƙarƙarinsa akwai sawun cizon shak. Da mai yankan ya ce ina ruwana, da yanzu yana ƙasan falon wani ana taka shi.

Misalin da ya fi nuna min darajar barin abu a inda yake har a rubuta shi ne na Cerro Ballena a ƙasar Chile. A 2010 ana faɗaɗa babbar hanya a hamadar Atakama aka ci karo da ƙwarangwal ɗin wel sama da 40. Da an kwashe su kawai an zuba a sito, abun da za a ce shi ne an samu wel da yawa, shi kenan. Amma da yake an auna kowanne a inda yake, aka ga a hawa huɗu daban-daban suke, yawancinsu a rigingine, manya da yara tare, ga wasu dabbobin ruwan a cikinsu. Daga nan aka gane ba sau ɗaya abun ya faru ba, sau huɗu ne, sun mutu a teku ruwa ya turo su gaɓa, kuma abun da ya fi dacewa da hakan shi ne gubar gansakukar ruwa, irin wadda har yau take kashe su. Ba a jikin ƙashin aka karanta wannan ba, a kwanciyarsa aka karanta.

Su ma masanan ba wai ba sa zarce gona da iri ba ne. A 2023 aka sanar da Perucetus daga Peru, ƙashin baya 13 da haƙarƙari 4 da ɗan ƙashin ƙugu, aka ce nauyinsa tsakanin tan 85 da 340, jaridu suka ɗauka wai dabba mafi nauyi a tarihi. Shekara na zagayowa wasu suka sake lissafin suka dawo da shi tsakanin tan 60 da ɗari da 'yan kai. Babu kai babu haƙori, ko abun da yake ci hasashe ne.

To ina mafita, a hana tsinta ne gaba ɗaya? Ƙasashe irin su Peru da Chile sun ɗauki burbushin a matsayin dukiyar ƙasa, fitar da shi laifi ne, duk da haka ana satar fita da shi. Ni tsarin Fulorida ya fi kwanta min. A can haƙorin shak kowa ya tsinta ba sai da izini ba, amma ƙashin dabba kamar wel ko ayu a filin gwamnati sai ka yanki takardar izini ta dala 5 a shekara, ka kai rahoton abun da ka samu, in cikin kwana 60 gidan tarihin jihar bai nema ba ya zama naka. Kaga sun raba abu mai yawa da abu mai wuya. Kuma gaskiya masu tsinta ba abokan gaba ba ne, haƙorin da ya riga ya faɗo bakin ruwa in ba a ɗauka ba igiyar ruwa ce za ta niƙe shi, na mahaƙa kuma injin zai haɗa da shi a yi taki. Masu bincike 'yan kaɗan ne, ba za su iya zama a kowace gaɓa kullum da asuba ba, abubuwa da yawa da ke gidajen tarihi 'yan sha'awa ne suka kai. Wanda nake ganin yana ɓarna shi ne mai ganin ƙoƙon kai a cikin dutse ya sa guduma ya ɓalle haƙoran ya bar sauran, don haƙoran ne ke da mai saye, da kuma dillalin da ke ɓoye inda abu ya fito ko ya canza masa ƙasa.

Mu namu ciwon daban ne. Ƙoƙon kan Goronyosaurus yana Florence a Italiya, muƙamuƙin Pappocetus yana Landan, ɗan Goronyo da ke son ganin dabbar garinsu sai ya nemi biza. Ba sai mun tsaya zagin Turawa kawai ba, lokacin da aka kwashe babu wanda ya tanadi wajen ajiya ko mai kula, kuma yau ɗin ma yara nawa ne a Sakkwato aka taɓa faɗa wa a aji cewa garinsu gindin teku ne? Ga rashin tsaro ya sa gabashin jihar da arewacin Mali sun yi wuyar shiga ga mai bincike. Masar ma haka take a da, baƙi ke tonowa su rubuta, har Hesham Sallam ya kafa cibiya a Jami'ar Mansura ya horar da ɗalibai, a 2021 suka bayyana Phiomicetus a 2023 kuma Tutcetus, ɗan ƙaramin wel mai mita biyu da rabi, Misirawa ne suka jagoranci aikin kuma ƙasusuwan na gida.

Saboda haka in kana wajen Dange ko Wurno ko Gada ko ƙauyukan Tawa, bayan ruwan sama ya wanke gefen tudu ka ga ɗan abu mai tsini yana ƙyalli kamar ƙaya, ɗauki abunka, amma ka samu 'yar takarda ka rubuta sunan wajen da ranar da kalar ƙasar da ya fito, ka sa su leda ɗaya. In kuma ƙasusuwa ka gani a jere cikin dutse, kar ka ja, kar ka wanke, kar ka sa diga. Ajiye biro a gefe don a gane girmansa ka ɗauki hoto ta kowane ɓangare, ka adana lokeshan a waya, ka nemi sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko ta Ahmadu Bello, in a Nijar kake ta Abdou Moumouni a Yamai. Sannan ka ɗan rufa masa ƙasa kafin su zo, don ƙashin da ya yi shekara miliyan 66 a binne damina ɗaya da kofaton shanu sun isa su watsa shi.